Baƙon Kwak a Sararin Sanam: Martani ga Malam

Malam ya girme ni, kuma a ƙasar Kurfai ba mu saba yaro ya miƙe gaban babba yana ja da shi ba. Sai dai maganar a jarida ya fitar da ita, ta shiga hannun iyayen yara da malaman lakkwal, har na ji ana maimaita ta tsakanin Sanam da Filinge kamar shari'ar da aka riga aka yanke. Don haka ina neman gafarar Malam tun da fari, sannan in ce ban yarda ba, in kuma kawo dalilaina a fili kamar yadda ya kawo nasa.

Ga abin da maƙalar ta ƙunsa, gwargwadon fahimtata. Binciken da ake yi a cibiyar CERN kusa da Janeba, inda ake gwara cibiyoyin zarrar dalma da juna don a ƙirga ƙwayoyin da ke ɗauke da baƙon kwak, a ganin Malam wasan waɗanda suka ƙoshi ne. Ba wanda ya taɓa ganin kwak da idonsa, saboda haka zato ne aka yi wa rigar lissafi. Akwai ma tsoron kada gwajin ya haifar da abin da zai cinye duniya, ko ya zama sabon makami. Sai ya rufe da hukuncin da ya fi yi mini ciwo: wai duk ɗan Nijar da aka ba kuɗin karatu ya tafi koyon irin wannan, an ci amanar ƙauyensu, tun da rijiya da gero da allurar shanu muke nema.

Bari in fara da maganar gani, don ita ce gindin sauran. Jikin mutum, da ƙasar gona, da ruwan Dallol Boso, duk zarra ne. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya, cibiyar kuwa tarin firoton ne da niyutron, kowannensu yana ɗauke da kwak uku. Iri biyu sun isa a gina duk abin da hannu ke taɓawa, wanda ake kira na sama da wanda ake kira na ƙasa. Akwai na uku, wato baƙon kwak, da ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. A ma'aunin masu wannan fanni, wato miliyan ilektaron-bolt da suke taƙaitawa MeV, na sama 2 ne da ɗoriya, na ƙasa kusan 5, shi kuwa baƙon kwak wajen 93. Ba ya cikin tubalin kayan duniyarmu ta yau da kullum. Sai an yi karo mai tsanani yake samuwa, kullum tare da kishiyarsa yake fitowa, kuma yawancin ƙwayoyin da ke ɗauke da shi sukan ruguje kafin kashi ɗaya bisa biliyan na sakan ya cika.

Gaskiyar Malam ce, ba a taɓa kama kwak shi kaɗai ba. Masu binciken su ne na farko da suka faɗi haka, suka kuma bayyana dalili: ƙarfin da ke ɗaure kwak da ƴan uwansa ba ya saki, komai nisan da aka ja shi. Amma Malam ya san masu bin sawu a dajinmu. Mutum bai ga dabbar ba, ya dubi rairayi ya ce taguwa ce, tana ɗauke da kaya, ta wuce tun da hantsi. In aka bi shi aka tarar da ita yadda ya faɗa, ba mai ce masa zato ya yi. Abin da ya ba maganarsa nauyi shi ne ya yi ta kafin kowa ya gani, kuma da an tarar da saɓaninta da ya sha kunya a gaban jama'a. Da wannan mudun nake roƙon a auna tarihin baƙon kwak.

A 1947, George Rochester da Clifford Butler na Jami'ar Mancesta a Ingila suka buga hotuna biyu da suka ɗauka a cikin akwatin hazo, na'urar da ƙwaya mai cajin lantarki ke barin siririn sawu in ta ratsa ta. A ɗaya daga cikin hotunan, sawu biyu ne suka ɓullo daga wuri guda kamar harafin V, ba tare da an ga sawun abin da ya haife su ba. Daga faɗin kusurwar da yadda maganaɗisu ya lanƙwasa su, suka lissafa cewa wata ƙwaya ce marar caji, mai kusan rabin nauyin firoton, ta rabe gida biyu. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, waɗannan ƙwayoyi nan take ake haifarsu, amma mutuwarsu na ɗaukar lokacin da ya ninka na haihuwar wajen sau tiriliyan goma. A 1953 Murray Gell-Mann a Amurka da Kazuhiko Nishijima a Japan, kowa a gefensa, suka ce akwai wata siffa da ƙwayoyin ke ɗauke da ita wadda ƙarfin da ya haife su ba ya iya shafewa, sai wani ƙarfi mai rauni da jinkiri.

To, ga inda aka yi irin ta mai bin sawu. A 1962, a wani taro a CERN, Gell-Mann ya miƙe ya ce tilas akwai wata ƙwaya da ba a taɓa gani ba. Ya faɗi cajinta, ya faɗi cewa tana ɗauke da waccan siffa har ninki uku, ya ce nauyinta zai kama wajen 1,680. Ya sa mata suna Omega. A 1964, a cibiyar Brookhaven kusa da New York, bayan an bi hotuna kusan 100,000 ɗaya bayan ɗaya, aka same ta. Nauyin da aka tabbatar yau 1,672 ne. A shekarar nan kuma Gell-Mann da George Zweig suka fito da bayanin kwak, Omega ta tashi baƙon kwak uku ce a ɗaure. Ina tambayar Malam cikin ladabi: wane zato ne ke faɗin nauyin abu shekara biyu kafin a gan shi, ya kuma dace haka?

Gwara cibiyoyin dalma ya samo asali ne daga wata tambaya daban. In aka dafa firoton da niyutron da zafin da ya wuce misali, za su narke har kwak da giluwon, wato ƙwayar da ke ɗaure su, su yi yawo a sake? Tun a shekarun 1960 Rolf Hagedorn na CERN ya nuna akwai wani zafi da kayan cibiyar zarra ba sa iya wucewa a siffar da muka san su. Lissafin yau ya sa iyakar a wajen 155 MeV, wato kusan digiri tiriliyan biyu. Zafin cibiyar rana digiri miliyan 15 ne, ka ga wannan ya ninka ta fiye da sau dubu ɗari. Bisa lissafin masana, haka halitta baki ɗaya take a kashi kaɗan bisa miliyan na sakan ɗin farko. Hanya ɗaya ta kai wa ga wannan zafi a doron ƙasa ita ce a kori manyan cibiyoyi, irin na dalma mai firoton 82 da niyutron 126, su yi gudun da ya kusa na haske, su gwabza gaba da gaba.

Matsalar ita ce ɗigon da ya narke ba ya jimawa. In aka raba sakan gida 1 mai biye da sifili 22, bai kai kashi ɗaya ba ya daskare ya tarwatse. Babu kyamarar da za ta kama shi. Yaya za a san ya taɓa wanzuwa?

Amsar da Johann Rafelski da Berndt Müller suka bayar a 1982 tana cikin tunani mafi kyau da na sani a kimiyya, kuma takarda da alƙalami suka ci, ba injin biliyoyi ba. Suka ce: dalmar da ta shiga karon ba ta zo da baƙon kwak ba. Ke nan duk wanda aka ƙirga a ƙarshe, a cikin wutar karon aka ƙera shi. Idan firoton da niyutron ba su narke ba, ƙera shi na da tsada, domin sai an fitar da ƙwayoyi biyu cikakku, Lamda da kayon, abin da ke neman ƙarin kusan 670 MeV, ga kuma ƙarancin lokaci. Idan kuwa sun narke, giluwon biyu na iya haɗuwa su zama baƙon kwak da kishiyarsa kai tsaye, kuɗin bai wuce ninki biyu na nauyinsa ba, kuma zafin wurin na iya biya a sauƙaƙe. Daga nan suka kafa sharaɗin da za a iya kama su da shi in sun yi kuskure. Ƙwayoyi masu baƙon kwak za su yawaita, kuma yawaitar za ta bi tsari: Lamda mai guda ɗaya ta ƙaru, Ksi mai biyu ta fi ta ƙaruwa, Omega mai uku ta fi kowa.

An yi shekaru fiye da goma ana jira. A 1994 CERN ta fara harba dalma a injinta na SPS, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 gwajin WA97, sannan magajinsa NA57, suka kawo ƙidaya. In aka kwatanta da karon firoton da ƙaramar cibiya, aka kuma raba da yawan waɗanda suka shiga karon, Omega ta ninka wajen sau goma sha biyar zuwa ashirin, Ksi ƙasa da haka, Lamda ƙasa da Ksi. Tsarin da aka faɗa ne. Ranar 10 ga Fabrairu 2000 CERN ta sanar cewa akwai hujja mai ƙarfi ta wani sabon yanayin abu. A shekarar injin RHIC na Brookhaven ya fara gwara zinariya, a 2005 ya nuna narkakken abin yana kwarara kamar ruwa marar kauri, alhali da yawa sun zaci zai zama kamar iska. A Nuwamba 2010 babban injin CERN, LHC, mai kewayen kilomita 27 ya fara nasa karon dalma. Na'urar ALICE da ke kallon karon tan 10,000 ce, kuma karo ɗaya da ya daki tsakiya na iya watso ƙwayoyi masu caji fiye da 20,000. A cikin wannan cinkoso ake tsinto waccan V ta Rochester da Butler, santimita kaɗan daga inda aka yi karon.

Da a ce masu binciken mutanen da ke kare zatonsu ne, da a nan sun naɗe tabarma. Ba su naɗe ba. Wasu, ciki har da Krzysztof Redlich, suka ce a dakata: mai yiwuwa ƙaramin karon da ake kwatantawa da shi ne ke da ƙarancin baƙon kwak, saboda a wuri matsattse tilas shi da kishiyarsa su samu a kusa da juna, wannan kuwa na danne yawansu. In haka ne, ƙaruwar da aka gani ba ita kaɗai za ta tabbatar da narkewa ba. Ana cikin wannan muhawara sai ga 2017. ALICE ta buga a mujallar Nature Physics cewa ko a karon firoton da firoton, inda ba wanda ya sa ran narkewa, in dai karon ya fitar da ƙwayoyi da yawa, baƙon kwak na ƙaruwa, kuma da tsarin nan dai, Omega a gaba. Manhajojin kwamfuta da aka daɗe ana dogara da su wajen kwaikwayon karon firoton suka kasa bayyana haka. Mutanen da suka gano abin da ya dagula musu bayani su ne suka buga shi da hannunsu. Har yau ba a rufe maganar ba, shi ya sa a tsakiyar 2025 LHC ya gwara cibiyoyin oksijin da na niyon, masu matsakaicin girma, don a ga daga ina abin ke farawa. Ni wannan hali nake so yaranmu su gani da idonsu, domin ya yi ƙaranci a cikin shugabanninmu da ma mu masu rubutu.

Batun haɗari ba sabo ba ne, kuma ban raina wanda ya ji tsoro ba. A 1984 Edward Witten ya kawo yiwuwar cewa dunƙulen abu mai ɗimbin baƙon kwak zai iya fin kayan da muka sani zama daram. Daga nan wasu suka ce to kada ƙaramin dunƙule ya samu a injin ya yi ta haɗiye abin da ke kusa da shi. An kafa kwamitin masana a 1999 kafin RHIC ya fara, an sake nazari a 2008 kafin LHC, har ƙara aka kai kotu a Hawaii a shekarar, aka kore ta. RHIC ya yi shekaru yana neman irin wannan dunƙule bai samu ba, kuma dalilin a fili yake: yawan zafi wargaza dunƙule yake yi. Makami kuwa ba ya fita daga nan, don babu wutar da ke kama ta kusa da ita ta ci gaba da kanta kamar a bam ɗin yuraniyam. Duk ƙarfin karo ɗaya na dalma bai isa ya kunna ƙaramin kwan tocila na sakan guda ba. Abin da ya sa ya zama zafi na fitar hankali shi ne an cusa shi a wurin da bai wuce faɗin cibiyar zarra ba.

Amma babbar hujja tana saman kanmu, kuma ita ce ta sa na ce Malam ya yi kuskure da ya ɗauki abin na ƙasar wasu. Rochester da Butler ba su da injin gwara komai. Ƙwayoyin da suka ɗauki hotonsu daga sama suka zo. Dare da rana firoton da cibiyoyin zarra, har da na baƙin ƙarfe, na faɗowa daga sararin samaniya suna dukan cibiyoyin iskar da ke saman duniya, wajen kilomita goma sha biyar ko fiye daga ƙasa. Wasunsu na zuwa da ƙarfin da ya zarce duk abin da LHC zai iya. A cikin waɗannan karo ana haifar ƙwayoyin fiyon da kayon, kayon kuwa baƙon kwak ko kishiyarsa ne a cikinsa. Su ruguje su bar wani irin ƙwaya mai suna miyuwon, shi kuma ya iso ƙasa. Duk wanda ya buɗe tafin hannunsa a kasuwar Sanam, kusan miyuwon ɗaya ke ratsa shi a kowane sakan, kuma wani kaso nasu ƴaƴan kayon ne. Haka ake yi tun kafin a haƙa rijiyar farko a Kurfai, haka ake yi wa duniyar wata shekaru biliyoyi, ga ta nan ba a cinye ta ba. Abin da Allah ke gudanarwa a sararin garinmu kowace safiya, ban ga yadda neman saninsa zai zama haramiyar ɗan garin ba.

Yanzu ga inda na fi fahimtar zafin zuciyar Malam. A shekarar da injinan ke aiki, CERN na shan lantarki kusan kilowat-awa biliyan 1.3, adadin da abin da Nijar baki ɗaya ke sha bai yi masa nisa ba, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida. Wannan abin takaici ne, kuma ba zan shafa masa mai ba. Sai dai a bi wayar a ga inda ta fito. Daga layin Faransa CERN ke jan wutarta, Faransa kuwa kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga tashoshin nukiliya ne, kuma shekaru da dama kusan kashi ɗaya cikin biyar na yuraniyam ɗin da take saye daga Arlit da Akokan ya fito, inda aka fara haƙa tun 1971. Ke nan ƙasarmu ta daɗe tana zuba nata a wannan bincike, da ƙurar da ma'aikatanmu suka shaƙa, ba tare da ta aika mai zama a teburin ba. Malam ya dubi wannan ya ce mu juya baya. Ni na dube shi na ga haƙƙin da ba mu karɓa ba.

Kuma rashin masana a wannan gefe ya riga ya ci mu. A 2003 sai da wata ƙungiyar mazauna Arlit, Aghir In'Man, ta gayyato masu awo na CRIIRAD daga Faransa kafin duniya ta ji cewa ana sayar da tarkacen ƙarfe mai tururin nukiliya a kasuwa, kuma ruwan sha na wasu rijiyoyi ya wuce ƙa'ida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta yi nata awon a titunan Akokan. Muna da namu masana a Cibiyar Radiyo-izotof ta jami'ar Yamai da hukumomin da ke kula da wannan fanni, amma ba su kai yawan da ƙasa mai arzikin yuraniyam ke bukata ba.

Ba zan ce wa Malam baƙon kwak zai cika rumbu ba, don ba zai cika ba. Ba kuma zan jingina da cewa a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shafukan yanar gizo a 1989 ba, ko da yake haka ne. Abin da nake cewa ya fi wannan kusa. Wanda ya koyi tsinto Lamda ɗaya a cikin sawu dubu ashirin ya koyi gina na'urar awo da gyara ta, ya koyi raba sahihin alama da hayaniya, ya koyi faɗin iyakar kuskuren adadinsa. Da yawa daga masu yin digirin ƙoli a wannan fanni ba a nan suke ƙarewa ba, asibitoci da masana'antu da ma'aikatu ke kwashe su. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai ta samu na'urar gasa ciwon da haske mai ratsa jiki, karon farko a ƙasar. Ba a kunna irin wannan na'ura ba tare da masanin fiziks da zai auna abin da ke shiga jikin majiyyaci ba, in ya yi ƙasa ciwon ya tsira, in ya yi sama a ƙona lafiyayyen nama. Rijiyar da Malam ke so ma haka. Tsakanin 2012 da 2017 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta yi aiki da ƙasashe 13 na Sahel wajen nazarin ruwan ƙarƙashin ƙasa, har da na kwarin Iullemmeden da ƙasar Filinge ke zaune a kansa. Da ƙirga nau'o'in zarra a cikin ruwan ake gane ko na daminar bana ne da ke sabuntuwa, ko tsohon ruwa ne na dubban shekaru wanda in aka zuƙe shi ya tafi ke nan. Mai haƙa rijiyar burtsatse da bai san wannan bambanci ba na iya gina gari a kan ruwan da zai ƙafe.

Ina son ƙarin likitocin dabbobi a Tukunus, inda aka yi shekaru masu yawa na aikin haƙuri a kan shanun Azawak. Ina son a buɗe ɗaruruwan makarantun jihar Tilaberi da rashin tsaro ya rufe, kuma wannan ya fi komai gaggawa. Amma likitan dabbobin da injiniyan ruwan da masanin kwak ɗin duk daga aji ɗaya suke fitowa, daga hannun malamin lissafi da fiziks guda. In aka gaya wa malamin nan cewa kololuwar fanninsa wasan banza ne, aka gaya wa yaro mai kaifin kai cewa tambayarsa cin amana ce, ajin gaba ɗaya ne zai yi sanyi.

Malam zai iya cewa kusan duk sunayen da na jero na Turawa ne. To, a duba inda aka yi aikin. Rafelski ya koyar a Jami'ar Cape Town daga 1983 zuwa 1987, kuma a lokacin ne, a 1986, shi da Müller da Peter Koch suka fitar da dogon nazarin da ya zama madogarar wannan fanni. Jean Cleymans ya zauna a jami'ar har ƙarshen rayuwarsa a 2021, yana cikin waɗanda suka nuna cewa zafi guda da ƴan adadi kaɗan na iya bayyana yawan kowace irin ƙwaya da ke fita daga karon, kuma manhajar THERMUS da ake wannan lissafi da ita a can aka rubuta ta. Na san Afirka ta Kudu ta shekarun 1980 ƙasar wariyar launin fata ce. Amma daga bayanta Azwinndini Muronga ya fito, baƙar fata da ya tashi a ƙauye a lardin Limfofo, wanda aikinsa na farkon shekarun 2000 a kan kwararar wannan narkakken ruwa ya zama abin da masu fannin ke komawa gare shi. Ga Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ya yi digirinsa na farko a Lome, yana aiki a Brookhaven, yana kuma cikin waɗanda suka kafa makarantar fiziks ta Afirka a 2010, wadda ta zauna a Kumasi a 2012 da Dakar a 2014. Indiya ba ta jira ta yi arziki ba, Homi Bhabha ya kafa cibiyar Tata a 1945, kafin ma ƴancin kai, yau kuma na'urorin da Indiyawa suka ƙera sun yi aiki a cikin ALICE. Ita kanta CERN a 1954 aka kafa ta, Turai ba ta gama share ɓaraguzan yaƙi ba.

Mu ma muna da namu abin koyi. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, fiziks zalla ya karanta a Faransa a lokacin da ƙasar nan ba ta da jami'a ko ɗaya. Da an bi ma'aunin Malam da an ce ya ɓata kuɗin talakawa. Shi ne ya dawo ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, ya sa Nijar cikin ƙasashen farko a Afirka da suka ɗauki makamashin rana da muhimmanci, ya kuma rubuta littafinsa kan ilimi a Afirka a 1964, inda ya yi kakkausar suka ga tsarin mulkin mallaka da ya tsara wa baƙar fata karatun ƙananan ma'aikata kawai. Jami'ar da yaranmu ke zuwa a Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ina jin tsoron kada, da kyakkyawar niyya, mu maido wa kanmu iyakar da ya yi rayuwarsa yana yaƙa.

Ba wanda ya ce Nijar ta haƙa ramin kilomita 27. Abin da nake nema ƙarami ne ƙwarai. Duk shekara, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ana shirya wa ɗaliban lise na ƙasashe kusan 60 darasin yini ɗaya a kan ainihin bayanan LHC, kyauta, ta hannun wata jami'a ko cibiyar bincike da ta nemi shiga. Ɗaya daga cikin darussan na ALICE ne, kuma a kan wannan batu namu yake. Ana nuna wa yaro hoton karo a kwamfuta, ya nemo V da kansa, ya lissafa nauyin uwar da ba ta bar sawu ba. In ya samu wajen 498 ya san kayon ce, in 1,116 ya san Lamda ce. Sannan ajin ya tara ƙidayarsa a karon dalma, ya kwatanta da na firoton, ya ga ko ƙaruwar da aka yi hasashe a 1982 tana nan. Da yamma a haɗa su ta bidiyo da masu bincike da ɗaliban wasu ƙasashe, kowa ya kare adadinsa. Kayan aikin su ne ɗaki ɗaya, kwamfutoci kaɗan, faifan hasken rana, intanet na ƴan awoyi, da malami daga sashen fiziks na Yamai da zai yarda ya yi tafiyar kilomita 180 zuwa Filinge. Malam yana da bakin da ake ji a ma'aikatar ilimi fiye da nawa, kuma roƙona gare shi shi ne ya sa hannu tare da mu a takardar da za mu kai wa jami'a kafin rajistar baɗi ta rufe.